Ɗingishin Bidi

Ranar Lahadi ce, bakin teku ya cika,
yara na layi da kuɗin hawa a hannu.
Bidi ya ɗauki wata yarinya mai jan balan-balan,
taku goma, sai ya tsaya cak,
ya ɗage ƙafar gaba kamar akwai garwashi a yashi.

Shekara bakwai guminmu ɗaya, ni da shi.
Shi ke biyan kuɗin ɗakina a Ajah,
shi ya yi wa tsohuwata rufin kwano a Illela.
Daren nan ban runtsa ba,
teku na ruri, ni kuwa ba na jin komai sai nishi.

Dakta Folarin ya zo daga Ikoyi
da takalmin da bai san laka ba.
Bai durƙusa ba. Ya matsa agara, ya duba agogo.
Ya yi Turanci, Mati ya juya mini:
jijiya ta tafi, dokin ya gama,
a sayar tun da sauran nama a jikin ƙashi.

Na biya shi. Har godiya na yi.

Kafin la'asar barga ta cika da masana.
Tanimu ya ce sakiya, Barau ya ce kanwa da man shanu.
Wani da ban taɓa gani ba ya zo da igiyarsa,
yana zagaya Bidi yana auna cinya da ido,
ya yi tayin da ya tsayar mini da numfashi.

Matambayi ba ya ɓata.
Na ɗauki ɗingishin a waya,
na hau danfo, na bi doguwar gada,
awa uku cikin gosulo, gwiwata a bayan wani,
har Oko-Oba, kusa da mayanka,
inda ko iska ba ta san ƙamshi.

Dakta Morenike, furfura a goshi, tabarau a wuya.
A Zariya ta yi karatu, ta gaishe ni da Hausa.
Sau uku ta kalli hoton.
Ta ce, ya ɗaga kofaton ya duba?
Na ce a'a.
Ta yi shiru, ta ce zan zo Alhamis,
kuɗin mota naka ne, saura kuma bashi.

Ta zo. Ta durƙusa a jiƙaƙƙen yashi da zanenta,
ta ɗora kofaton a cinya kamar tana yi wa jika kitso.
Ta ƙwanƙwasa nan, shiru. Nan, shiru.
Nan kuma Bidi ya zabura har turke ya girgiza.
Ta sa wuƙa ta fere kaɗan-kaɗan,
baƙar mugunya ta tsarto, wari ya kori 'yan kallo,
sai ga tsinin koriyar kwalba,
bai kai ƙwayar masara ba, amma kaifi kamar mashi.

Na buɗe baki zan zagi na Ikoyi.
Ta ce kul. Jijiyar ma ta kumbura, bai yi ƙarya ba,
abin da ke sama ya gani.
Wata biyu babu sirdi.
Sukuwa kuwa, ban yi maka alkawari ba,
wataƙila sai dai tafiya, wataƙila ka saba da rashi.

Yanzu dako nake yi a kasuwa da safe,
kwandon tumatir a kaina, kuɗin dusa a raina.
Da yamma ruwan ɗumi da gishiri a bokiti,
in riƙe ƙafar, shi kuma yana cizon hulata.
Kirsimeti na zuwa, dawakin wasu za su kwashi kuɗi.
Kwalbar tana nan cikin gidan ashana.

Yau da asuba na fito alwala,
na tarar da shi tsaye kan ƙafa huɗu.
Ban gaya wa kowa ba tukuna.
Na tsaya da buta a hannu ina kallo,
har ya taka zuwa ga harawa,
da saura, amma kaɗan, na ɗingishi.