Jirgin da Aka Kife

Kowace shekara, in sanyi ya sassauta,
nakan kama hanyar Plouarven, can gaɓar Biritani,
da akwatin kayan aiki da ciwon gwiwa,
in duba ogan ɗin cocin Waliyyiya Ana,
don gishirin teku ba ya barin ƙarfe ya huta.

In ka shiga, ɗaga kai.
Abin da ke samanka cikin jirgi ne.
Goulven masassaƙi bai taɓa rufa ɗaki ba,
kwale-kwale kaɗai hannunsa ya sani.
Da aka ce masa ya rufa ɗakin Allah
sai ya sassaƙa abin da ya iya, ya kife shi,
haƙarƙari a sama, masu durƙuso a ƙasa.

Duwatsun bango kuwa, mata suka ɗauko su,
shekarar da guguwa ta ci maza talatin da ɗaya
a dare guda, ba gawa, ba kushewa.
Kowace gwauruwa da dutsenta a kafaɗa.
Shi ya sa bangon arewa ya ɗan karkace:
baƙin ciki bai san igiyar awo ba.

Ƙararrawar farko, yaƙi ya narkar da ita,
ta koma bakin igwa.
Ta yanzu daga tarkacen jirgin baƙi aka tsamo ta,
da sunan wani gari a jikinta
wanda ko Fada Tugdual ya kasa furtawa.
Da harshen aro take kira, kuma ana zuwa.

Sarewa ɗari huɗu da goma sha biyu ke cikin ogan ɗin,
na san su kamar haƙoran bakina:
mai girgiza benci,
da ƙaramar da ba ta kai ɗan yatsa ba.
Soazig ke kaɗa shi, shekara arba'in da bakwai ke nan.
Gaɓoɓinta sun kumbura,
amma in ta ɗauko zabura
sai tagogi su zubo mata ja da shuɗi a bayan hannu,
kai ka ce lalle rana ta sa mata.

Bana na tarar da sarewa guda ta tsage daga gindi,
sai ta yi huci kafin ta yi magana.
Na ciro dalma, na kunna wuta.
Soazig ta riƙe min hannun riga.

"Bar wannan," in ji ta.
"Haka Ronan ke numfashi
in ya hauro tudu daga bakin ruwa,
kafin ya ce min ya dawo."

Na ce Fada ya biya ni in gyara duka.
Ta ce Fada kurma ne ta kunnen hagu.

Na tsaya har addu'ar yamma.
Mu goma sha ɗaya ne, har da yaron da ke riƙe turare,
kyandir na rawa a kan bagade,
teku na bugun dutse a waje.
Da waƙa ta gangaro ƙasa
sai wani ya ja numfashi a cikin katako,
tsohuwar ta runtse ido.

A littafin aiki na rubuta: komai lafiya.
Ban kai wa Fada wannan ƙaryar ba,
kuma baɗi ma haka zan rubuta.