Noti Ɗaya Ya Rage

Ranar Talata injin busar da kaya ya shiga yajin aiki.
Gurnani yake, ganga ba ta juyawa,
zannuwan gado a cikinsa sharkaf.
A waje Thunder Bay ta daskare,
tabki ya koma faranti,
rigar da aka shanya a igiya
sai a ɗauko ta a sanƙare kamar busasshen kifi.

Gordon maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge:
"Marjatta, shekara ashirin da shida fa!
Kai shi bola, ki sayi mai yin kiɗa in ya gama."
Na ce na ji.
Ji daban, yarda daban.

Na yi odar bel, na jira kwana tara.
Da ya iso sai ya gaza da yatsa uku:
takwas ce a jikin lambar, na karanta uku,
tabarau na can sama, gwiwata ta ƙi hawa bene.
Na sake aikawa, na haɗa da fis
da 'yar tayar da ke ɗame bel,
tunda ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Asabar jikata Siiri ta sauko ɗakin ƙasa
da tocila, da cingam a baki.
Fulogi muka fara zarewa.
Na zura wuƙar shafa bota ƙarƙashin murfi,
ƙas, ƙas, ya ɗaga.
Notuna shida na jera a kofin shayi.

Ashe cikin injin rumbu ne.
Ɓurɓushin zare curi-curi, launin toka,
kwabbai, maɓallin kwat, ƙugiyar kamun kifi,
safa ɗaya ja
wadda na zargi kare da cinyewa,
kare ya mutu bai wanke kansa ba.
Tsohon bel na kwance a ƙasa, tsinke,
kamar macijin da mota ta bi ta kai.

Sabon ya ƙi ni.
Na naɗa ta dama, ya zame.
Na naɗa ta hagu, ya murɗe.
Hannuna biyu cikin duhu har kafaɗa,
kuncina manne da ƙarfe mai sanyi,
ƙarfen ya yanke ni a bayan yatsa,
na faɗi kalmar da ba a faɗa gaban jika.

"Kaka, akwai rubutu."
Ta haska bangon ciki.
Fensir ne, ya dushe, amma na san wannan bakwai
mai sanda a ƙugu.
Veikko.
Ya zana taya, ya zana moto,
ya ja layi yana lanƙwasa tsakaninsu,
da kibiya, da kwanan wata,
a ƙasa ya sa: tsagi ya kalli ganga, wawa.

Da kansa yake.
Shekara huɗu ke nan ba wanda ya zage ni a gidan nan,
na zauna daɓas a siminti ina dariya
har Siiri ta tsorata.

Na bi kibiyarsa.
Na danne 'yar taya, bel ya faɗa gurbinsa, tsaf.
Na juya ganga da hannu, ta amsa.
Muka rufe, muka ɗaure, muka jona.
Shiru na numfashi ɗaya,
sai ga ta tana mirginawa,
zip ɗin wando na buga ƙarfe, kas, kas, kas,
ɗumi na fita ta bututu zuwa cikin ƙanƙara.

Kafin mu rufe na karɓi biro a hannun Siiri,
na sa kwanan yau ƙarƙashin nasa.
Ban ƙara komai ba. Ya riga ya faɗa.

A kofin shayi noti ɗaya ya rage.
Mun duba, mun rasa raminsa.
Injin bai tambaya ba.
Gordon ya hango tururi ta taga,
ya ɗaga hula, ya ci gaba da kwasar ƙanƙararsa.