Gobe da Nisa

Ina ɗan shekara sha tara
na karɓi Jincen ɗin Baffa Manga da sunan aike.
Ja ne, sirdinsa ɗaure da roba,
mitarsa ta mutu tun ban san gari ba,
sai da ido nake auna gudu:
in hawaye ya kai kunne bai bushe ba,
to, an fara.

Ni da Yila, ɗan mai faci,
daga Mil Uku har Kumo,
a kan kwalbar lemo ɗaya tak.
Riga ta kumbura kamar salka,
ƙwari na mutuwa a haƙorana
don dariya ta hana ni rufe baki.
Huluna uku na ba hanyar nan sadaka,
da fatar gwiwa,
da rabin haƙorin gaba a kwanar da ban gaishe ta ba.

Dada ta ce, kai da wa kuke faɗa?
Hanya tana nan inda ka bar ta.
Na ce to,
irin to ɗin da ake faɗa a bakin zaure,
ƙafa ɗaya ta riga ta hau kik.

Da na samu Golf ta haya sai abin ya yi gemu.
Huɗu a baya, biyu a gaba, buhun wake a but.
Direba, mun bar yara a gida!
Sai in ƙara rediyo.
In na shanye tirela a kan tudu
salatin fasinja kirari nake jin sa.

Ran nan da kaka, ana cirar gyaɗa bayan Kumo,
ƙanena Babayo ya sa hannu cikin harawa.
Kububuwa.
Ko ihu bai yi ba, ya ce wai ƙaya ce.
Kafin a kawo shi titi a kan amalanke
dasashinsa ya soma tsattsafo jini.

Sai Kaltungo, in ji kowa, can maganin yake.
Dada ta riƙe kansa a cinya,
ta dube ni ta madubi,
ita da bakinta ta ce: taka.

Na taka.
Ranar na fara duban allura da gaske,
ɗari da ashirin, da talatin, tana kakkarwa,
sitiyari na zame mini don gumi.
Hanyar da na sani kamar yunwar cikina
sai ga ta cike da mutane.
Ashe akwai yarinya mai tallan rake a wancan ramin.
Ashe tsoho ke kora akuyar nan.
Ashe keken da nake yi wa ham
yaro ne a kai, da uwa a wani gida
tana tankaɗen gari, ba ta san da ni ba.
Shekara tara ina wucewa, ban ga kowa ba.

Billiri ta wuce kamar tari.
Duwatsun Kaltungo suka ƙi matsowa.
Babayo ya ce, Yaya,
sai ya yi shiru,
shirun ya fi kowace tirela tsawo.

Kwana shida ya yi a gadon asibiti.
Da ya iya zama, kofin kunu a hannu,
ya ce, wallahi macijin bai ba ni tsoro ba
kamar tuƙinka.
Aka yi dariya har ma'aikaciya ta leƙo.
Ni na fita bayan ɗaki, na daɗe.

Yanzu a tasha Baba Sannu suke ce mini.
Lodi biyu ake yi kafin in dawo.
Yaran Yila na wuce ni a kan Boksa,
ba hula, baki buɗe,
riga cike da iska.
In kauce musu, in ce Allah ya kiyaye.

Ba zan yi ƙarya ba:
a gangaren nan da ke bayan Kumo,
in hanya ta miƙe, ba kowa, la'asar ta yi sanyi,
ƙafar dama takan yi mini ƙaiƙayi.
Sai in sauke gilashi,
in miƙa hannu waje,
in bar iska ta ci rabonta.