Tulun Bayan Rumbu

Kawu Barau ya kawo reshe uku daga Zariya
a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.
Kadawa ta yi masa dariya:
inabi a ƙasar tumatir?

Shekara biyu yana yi musu aski,
yana ɗora su kan waya
kamar mai koya wa yaro tatata.
Baƙin zuma ne,
koren kuwa tsaminsa har kunne.
Tsuntsaye dai ba sa zaɓe.

Ranar da motar 'Yan Lemo ta ƙi zuwa
muka matse kwando huɗu da hannu.
Ladidi ta tace da sabon ƙyalle,
muka sha, muka aika maƙwabta,
ragowar muka rufe a tulu, muka manta.

Kwana shida, sai tulu ya fara magana.
Ƙananan idanu na kumfa
suna buɗewa, suna mutuwa,
da raɗa irin ta mai gulma.

Kawu ya sunkuya, ya shinshina, ya ja da baya:
"A'uzubillahi! Yaron nan ya lalace."

Ya tuntsurar da shi a gindin kuranga.
Ƙasa ta shanye, ba ta tambayi malam ba.

Bana reshen wajen
ya fi kowanne 'ya'ya,
Kawu kuma ya hana a yi zancen.