Tayar da Ta Kai Ƙirjina

Ni mai faci ne a Ƙofar Ƙaura,
shekara sha tara ina sauraron numfashin taya,
amma ban taɓa ganin irin ta Mannir ba.
Daga Kwatano ya sayo ta, ya kai wa Tanimu bakanike,
aka ɗaga mata gindi, aka ƙara mata ƙafa,
ta miƙe kamar raƙumin da ya ƙi gurfana.

Tayar nan, in na tsaya, ta kai ƙirjina,
zanenta kunya-kunya kamar gonar dankali.
Sai ka taka ƙarfe biyu kafin ka ga kujera.

Ran Asabar sukan jeru, su biyar ko shida,
a fili bayan gidan mai, fitilu reras a ka,
yara na ɗaukar hoto, injuna na gurnani.
Wanka sau biyu take yi a yini.
Ko ruwan kwata ya hango a kwalta, sai ya kauce.
Nakan ce a raina:
ga garma, ga mai ita bai san hanyar gona ba.

Sai Agusta. Kwana biyu ruwa bai ɗauke ba.
Aka bugo daga ƙauyenmu, can bayan Kaita:
Inna ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya goce,
korama ta cinye hanya, mai a-kori-kura ya juya.

Na same shi, bakina ya yi nauyi.
Ya daɗe yana kallon tayoyinsa,
baƙi ƙirin, an shafe su da mai.
Ya ce, "Hau."

A bakin korama hannunsa na rawa.
Na ce sa mata ƙaramin giya, kar ka ɗaga ƙafa.
Ruwa ya mari ƙofa, taɓo ya kama ta,
ta yi nishi, ta tona, ta tona,
ƙafa huɗu na haƙa lokaci guda,
sai ga mu a tudu, kaji na watsewa.

Mutum huɗu suka ɗaga Inna da katifarta.
Tana cije leɓe ta ce,
"Wannan rumbu wa ya sa mai ƙafa?"

Yanzu tana takawa da sanda.
Shi kuwa Mannir, sati guda ya hana a wanke motar.
Ran Asabar ya faka ta tsakiyar 'yan'uwanta,
jan taɓo har gilashi, karan gero maƙale a ƙasa,
duk yaron da ya kai hannu zai kankare,
sai ya daka mai tsawa.