Jelar Harafi

A ɗakin gwaji na Chandpur,
inda fanka ke juya zafi ba ta korarsa,
kwalabe arba'in da biyu na jere kan tebur,
kowacce da sunan rijiya rataye a wuya.
Ni ce Shiuli. Aikina in tambayi ruwa
abin da ya ɓoye.

An ce ruwa ba ya tsami banza.
Namu bai yi tsami ba ko kaɗan.
Garau yake, ga sanyi, ba wari,
asanik na kwance cikinsa shiru
kamar bashin da ba a yi shaida ba.

Malam Haripada, da ya koya mini riƙon bututu,
yakan ƙwanƙwasa allo ya ce:
"Lamba ba ma'auni tsirara take.
Biyar? Biyar ɗin me? A cikin me?
Giram a lita ne, ko mol?
In kashi ne cikin ɗari,
ɗarin nauyi ko ɗarin cika?"
Mu yi ta dariya a bayan aji.
Bara da damina ya rasu.

Ran Laraba na'ura ta ce
sifili, ɗigo, ɗaya, takwas,
mg/L.
Dulal, yaron da ke kwafe mana sakamako,
mai rubutu kamar ɗinkin hannu,
ya ɗauki lambar yadda take
ya zaunar da ita ƙarƙashin µg/L.

Bambancin ke nan: jela.
Harafi ɗaya na tsaye da ƙafa uku,
ɗayan ya saki 'yar jela ta hagu
kamar ɓeran da bai gama shiga rami ba.
Tsakaninsu ninki dubu.
Ɗari da tamanin ya koma bai kai ɗaya ba,
iyakarmu kuwa hamsin ce.
Takarda ta fita, mai fenti ya duba,
ya shafa wa bakin famfo kore.

Kwana tara kafin in gani.
Ina cin shinkafa da hannun dama,
hagu na bin layin tsohon littafi,
sai loma ta ƙi wucewa.

Da asuba na hau kwale-kwale,
gwangwanin jan fenti tsakanin ƙafafuna,
kogin Meghna ya cika ya batse,
ruwa ta ko'ina, ba na sha.

Na tarar da tsohuwa Anwara tana buga famfo.
Tafin hannunta duk ƙuraje masu tauri
kamar an watsa tsabar shinkafa.
Na san ba aikin kwana tara ba ne,
na shekaru ne.
Sanin bai rage mini komai ba.

Ta ce, "Wancan mako kun ce kore.
Me ya shiga ruwan?"
Na ce, "Ba abin da ya shiga, Inna.
Harafi ne."
Ba ta karatu. Na tsuguna,
na zana mata su biyu a laka da tsinke,
mai ƙafa uku da mai jela.
Ta daɗe tana kallo.
"Wannan ɗan abin?"
"Shi."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Ta tuntsurar da tulun a gindin ayaba,
ta saɓa shi a kwankwaso,
ta nufi famfon makaranta, can bayan gonaki,
jikarta na biye da buta.

Na shafa ja har sau biyu.

Ba mu kori Dulal ba.
Yanzu kafin ya rubuta lamba
sai ya faɗi ma'auninta da ƙarfi,
har masinja na kwaikwayonsa a baranda.
Ni kuwa yau mako guda,
na wanke da kananzir, na wanke da sabulu,
jan bai fita daga ƙarƙashin farcena ba.