Littafi na Shida

Biyar ɗin farko ni da Tanimu muka cinye su
a soron gidanmu na Yakasai,
fitila ɗaya, tabarma ɗaya, kai biyu a kan shafi.
Shi mai saurin ido ne.
Sai ya riƙe kunnen takarda yana jira in iso,
yana kaɗa ƙafa, yana tsaki.
Naira ashirin Malam Shu'aibu ke karɓa hayar kwana biyu,
mu yi huɗu, mu koma masa da rantsuwa.

Masu Ɗaurin Iska, sunansu ke nan,
mutanen da ke ƙulle guguwa a bakin zane
su auna wa masu jirgin ruwa mudu-mudu.
Tanimu ya ce shi ne Kailu, jarumin.
Ni aka bar mini Bagudu mai ɗaukar kaya,
wanda ba a jin bakinsa sai an zo rabon tuwo.

Shekara shida marubucin ya yi shiru.
A ta huɗu muka kai Tanimu Dandolo.

Ran da na shida ya fito
na saye shi a Sabon Gari, ban yi ciniki ba.
Dare guda na gama,
na wurga shi bayan keken ɗinki.
Ina yaƙin da aka yi mana alkawari?
Ina dodon tafkin gishiri?
Kailu ya tsufa, gwiwa ta ƙi,
shafi arba'in yana neman akuyar da ta ɓata.
Na ce mutumin nan ya gaji,
abin cefane kawai yake nema.
Na bakwai ma na saya, don kada a ce.

Sai wata damina a shagona na Fagge,
an ɗauke wuta, kwata ta cika ta tumbatsa,
ba mai shigowa, ba mai fita.
Na miƙa hannu neman almakashi, na taɓo shi,
ɓera ya ci gefen bango,
man keke ya yi masa tambari.
Da fitilar waya na koma neman akuyar nan.

Ashe ba akuya yake nema ba.
Yana bin gari yana tambaya
don a ce masa, shigo ka sha ruwa,
don kada ya koma gida ya tarar da shiru.
Na san wannan tafiyar.
Na yi ta daga Yakasai zuwa Ƙofar Ruwa
ina neman zaren da ke cikin aljihuna.

Yanzu sau nawa? Na daina ƙirga.
Sagiru, yaron shagona, ya ce,
Oga, wannan ai ko hadda ce ta zauna.
Na ce masa ya kula da wuyan rigar mutane.
Biyar ɗin farko suna cikin akwati, ban iya buɗe su,
akwai shatar yatsansa da manja a shafi na tamanin.
Waɗannan biyun kuwa bai taɓa gani ba,
nawa ne ni kaɗai,
shi ya sa suka fi nauyi.

A ƙarshen na bakwai Bagudu ya yi magana.
Layi uku kacal,
ya kwance iskar ƙarshe a kan kabarin ubangidansa,
ya ce, je ki, ba wanda zai saye ki.
Duk karatu sai na tsaya kafin wurin.

Jiya bayan isha'i na kama kaina
na gama shafi tuntuni,
na riƙe kunnen takarda ban juya ba,
ina kaɗa ƙafa.
Karanta a hankali, Tanimu.
Yau ni ke jira.